Gidan tarihin 'yan sandan Los Angeles: adana tarihi ne ko wanke kai?

Sani Kalifoniya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so masana su tofa albarkacin bakinsu a kai. A nan Los Angeles, a unguwar Highland Park, akwai wani tsohon caji ofis da aka buɗe a 1926. 'Yan sanda sun yi aiki a cikinsa har 1983, sannan suka tashi suka bar shi. Ba a rushe shi ba. Wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1989 don adana tarihin 'yan sandan birnin ce ta karɓe shi, aka gyara, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 2001. Ɗakunan tsare mutane suna nan da ƙarafunansu, kana iya shiga ka zauna. Ga kaki irin na da, ga bajo, ga ankwa da kulake da bindigogi da hotuna, a bayan ginin kuma tsofaffin motocin sintiri har da jirgi mai saukar ungulu.

Inda mutane suka fi taruwa shi ne wajen kayan fashin North Hollywood na 28 ga Fabrairu 1997. 'Yan fashi biyu ne, Larry Phillips da Emil Matasareanu, suka shiga banki sanye da rigunan sulke, riƙe da manyan bindigogi. Suna fitowa suka tarar an kewaye su. Aka yi minti 44 ana ɓarin wuta, harsasai kusan 2,000 tsakanin ɓangarorin biyu. Motar da suka so gudu da ita tana nan a gidan tarihin duk huji, da motar 'yan sandan da ta sha harsashi, da mutum-mutumi biyu da aka yi wa shiga irin tasu.

Tambayata: irin wannan wuri adana tarihi ne, ko kuwa hukuma ce take yabon kanta?

Abba Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya Sani ai amsar a fili take. Wanzami ba ya son jarfa. Mutanen da aikinsu rubuta laifin wasu ne, su za su rubuta nasu laifin su kafa a bango? Haba dai.

Maman Ilham:
Ni abin da ya fara ɗaure min kai daban ne. Me ya sa birni guda zai ce yana da tarihin 'yan sandansa shi kaɗai? Ba 'yan sandan Amurka ba ne gaba ɗaya?

Barista Nura:
Hajiya, tsarin ba ɗaya ba ne da namu. A Najeriya sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, shi ya sa ake ta kai ruwa rana kan batun 'yan sandan jihohi. A Amurka kuwa hukumomin tsaro irin waɗannan sun kai kusan 18,000. Birni na da nasa, ƙaramar hukuma na da nata, jiha na da nata. 'Yan sandan Los Angeles na birnin ne, da kuɗin harajin birnin ake biyansu, kuma magajin gari ne ke da ta cewa kan wanda zai shugabance su. Da mutum shida aka fara biyan albashi a 1869, lokacin garin bai wuce ƙauye babba ba. To kin ga tarihinsu da tarihin garin a haɗe suke, ba a raba su.

Maman Ilham:
Yanzu na gane. Allah ya ƙara basira, Barista.

Baba Sufeto mai ritaya:
Abba, ɗana, na ji karin maganarka, kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma bari in gaya maka abin da na ji a raina da na karanta rubutun Sani. Kishi na ji. Ba kishin motoci da jirgi ba, kishin takarda.

Duk caji ofis akwai babban littafi a kan kanta. Wanda aka kawo, ƙarfe nawa aka kawo shi, wa ya kawo shi, me aka samu a aljihunsa, wa ya zo belinsa, wane ɗan sanda ya fita da bindiga da harsashi nawa, ya dawo da nawa, duk a ciki ake rubutawa. Littafi ya cika a ɗauko sabo. A wani ofishi da na yi aiki, ba zan kama suna ba, tsofaffin littattafan nan a wani ɗaki ake jibge su, rufin yana yoyo, gara tana ci. Wata rana aka ce ana buƙatar ɗakin, aka kwashe aka cinna musu wuta a bayan gini. A cikinsu akwai sunan ɗan sandan da ya mutu yana kare kasuwa, akwai kuma sunan yaron da aka kawo da ƙafarsa aka fitar da shi a kwance. Wuta ba ta tantance ba, duka ta cinye. To wa ya ci riba? Ba mai gaskiya ba dai.

Abba Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Amma ai ka ƙara ƙarfafa maganata ne. Wanda zai ƙona littafi, in ka ba shi gidan tarihi me zai saka a ciki?

Baba Sufeto mai ritaya:
Wanda ya ƙona ba don ɓoye wani abu ya ƙona ba, ɗaki yake so. Rashin sanin darajar abin ne, kuma ni wannan ya fi ba ni tsoro.

Barista Nura:
Bari mu koma kan fashin da Sani ya kawo, domin shi kansa labarin fuska biyu gare shi. Fuskar farko gaskiya ce tsantsa: ƙananan bindigogin 'yan sanda sun kasa huda sulken mutanen nan, har sai da wasu suka ruga wani kantin sayar da makamai da ke kusa suka aro manyan bindigogi. An jikkata 'yan sanda da fararen hula kusan 20, amma ba wanda ya mutu sai 'yan fashin biyu. Wannan jarumta ce, ba mai musu.

Fuska ta biyu: Matasareanu bai mutu nan take ba. An harbe shi a ƙafafu, ya miƙa wuya, aka saka masa ankwa, ya kwanta a titi jini na zuba kusan awa guda har rai ya yi halinsa. Aka shigar da ƙara a madadin 'ya'yansa cewa da gangan aka bar shi. A 2000 masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya, daga baya aka janye ƙarar. Sannan bayan fashin da 'yan watanni ma'aikatar tsaron Amurka ta ba rundunar bindigogin M16 guda 600. Wato ranar nan tana cikin ranakun da suka sa ɗan sandan Amurka ya fara kama da soja. Mota mai huji ba za ta faɗa maka wannan ba. Wanda ya rubuta ɗan bayanin da ke manne a gefenta shi ne zai zaɓi abin da za ka sani.

Abba Fagge:
Ɗan fashi fa ake magana, Barista. Wanda ya buɗe wa mutane wuta a titi. Yau kuma ni ne zan kare 'yan sanda, ikon Allah.

Barista Nura:
Ɗan fashi ne, ban wanke shi ba. Amma daga lokacin da ankwa ta shiga hannunsa ya zama amana a hannun hukuma. A kan wannan ƙa'idar ne kai ma kake tsaye ranar da aka kama ka bisa kuskure.

Malama Hadiza Zariya:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni malamar tarihi ce, kuma ra'ayina ya fi kusa da na Baba, ko da yake ta wata hanya daban.

Rundunar Los Angeles tana da abin alfahari na gaske. A 1910 ta rantsar da Alice Stebbins Wells, ɗaya daga cikin matan farko a Amurka da aka ba ikon kama mai laifi. Ita ce kuma aka naɗa mai kula da tarihin rundunar a 1934, ta riƙe har ta yi ritaya a 1940, ka ga ashe tunanin adana tarihin ba yau ya fara ba. Tom Bradley, baƙar fata, ya yi shekara kusan 21 yana ɗan sanda a can, ya fita ya zama magajin garin daga 1973 zuwa 1993.

Tana kuma da abin kunya mai yawa. A 1928 yaron wata mata, Christine Collins, ya ɓace. Bayan watanni 'yan sanda suka kawo mata wani yaro daban suka ce ga ɗanki. Ta ce ba shi ba ne. Maimakon a saurare ta, wani kyaftin ya sa aka kai ta sashen masu taɓin hankali. A 1965 tarzomar unguwar Watts ta ci rai 34, kuma daga tsayar da wani direba baƙar fata ta faro. A Maris 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sanda suna jibgar wani baƙar fata, Rodney King, da kotu ta sallame su a 29 ga Afrilu 1992 garin ya kama da wuta, mutum sama da 60 suka mutu. Ƙarshen shekarun 1990 ga badaƙalar ofishin 'yan sanda na Rampart, inda aka samu 'yan sanda suna satar hodar ibilis daga ɗakin ajiye shaida, suna ɗora wa mutane laifin ƙarya, har gwamnatin tarayya ta sa rundunar ƙarƙashin sa idon kotu a 2001.

To ta yaya ni da nake zaune a Zariya na san duk wannan? Saboda takardun suna nan. Rahoton kwamitocin bincike, bayanan kotu, hotuna, fayil-fayil na rundunar kanta. Hukumar da ta saba ajiye kayan yabonta, tana ajiye na tsiyarta ba tare da ta lura ba, domin a akwati ɗaya suke. Mai bincike zai zo daga baya ya buɗe. Gidan tarihin da ya karkata gefe guda ana iya yi masa gardama, a rubuta a jarida, a matsa a sauya bayani. Toka kuwa ba a gardama da ita.

Sani Kalifoniya:
Malama kin gama magana. Abin da zan ƙara kawai, ba gwamnatin birnin ce take tafiyar da wurin kai tsaye ba, ƙungiya ce, kuma galibin masu hidimar wurin mutanen da ke da alaƙa da aikin ne. To dole ƙaunar kaki ta fito. Ba ɓoyayyen abu ba ne, kana shiga za ka ji.

Laminu Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu da muka fi sanin Faransa bari mu sa baki. A Paris ma akwai irinsa, kuma ya girmi na Los Angeles nesa ba kusa ba. Shugaban 'yan sandan birnin, Louis Lépine, shi ya kafa shi a 1909, yana cikin wani ofishin 'yan sanda a gunduma ta biyar. Akwai takardun kama mutane tun zamanin sarakuna da na juyin juya hali. Amma wannan rundunar ce dai, ƙarƙashin shugabanta Maurice Papon, ta far wa 'yan Aljeriya masu zanga-zanga a daren 17 ga Oktoba 1961, aka kashe mutane da yawa, aka jefa wasu cikin kogin Seine. Shekaru da dama hukuma tana cewa mutum biyu ko uku ne suka mutu. Takardun suna nan a ajiye, Malama, amma a kulle. Sai da 'yan tarihi suka yi ta fama kafin a fara buɗewa a ƙarshen shekarun 1990. Don haka ajiyewa kaɗai ba ta isa ba. Wa ke riƙe da makulli?

Malama Hadiza Zariya:
Malam Laminu na karɓi wannan. Sai dai ka lura, an yi fama an buɗe ne saboda akwai abin buɗewa.

Laminu Damagaram:
Bayan iyayen waɗanda aka kashe da yawa sun mutu ba su ji gaskiya ba. Wannan jinkirin ma zalunci ne.

Maman Ilham:
Ni kuma wani gefen nake kallo. Kayan da ake nunawa fa na mutane ne masu dangi. In ɗana ne ya mutu, ko da shi ne mai laifin, ba zan so a yi mutum-mutuminsa yara suna ɗaukar hoto a gefe ba.

Barista Nura:
Hajiya an taɓa yin rigima a kan haka. A 2010 rundunar ta kai wasu kayan shaida baje koli a Las Vegas, a ciki har da rigar da Sanata Robert Kennedy yake sanye da ita lokacin da aka harbe shi a Los Angeles a 1968, da jininta. Ɗansa ya fito ya nuna ɓacin ransa, shugaban 'yan sandan na lokacin, Charlie Beck, ya ba da haƙuri aka janye kayan. Amma ki duba, iyalan Kennedy ne. Talakan da ba shi da mai magana da yawunsa fa?

Awudu Kumasi:
Gaisuwa daga Zango. Ina ta jira wani ya taɓo abin da ya shafe mu, ba wanda ya taɓo. Muna zancen na Amurka da na Faransa, alhali tarihin 'yan sanda a wannan yanki namu da sunanmu ya fara. A Legas, 1861 Turawa suka kafa 'yan gadi 30, ba a jima ba aka riƙa kiransu dakarun Hausawa. John Glover, Baturen da ya mulki Legas, shi ne ya yi ta ɗibar mutane, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu. A 1879 aka mai da su runduna mai mutum 1,200. An kawo wasunsu nan Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wasu ba su koma ba, zuriyarsu tana cikin zangunanmu. In za a yi gidan tarihin wannan, me za a rubuta? Jarumai ne, ko karnukan farautar Bature?

Malama Hadiza Zariya:
Duka biyun za a rubuta, Malam Awudu, a kuma ƙara na uku: mutane ne da kaki ya zame musu hanyar tsira daga bauta. Tekena Tamuno ya yi littafi guda kan tarihin 'yan sandan Najeriya daga 1861 zuwa 1965, mai son zurfafawa ya nema.

Kuma in ana neman abin da ya yi kama da 'yan sandan birni a wajenmu, ai mun yi su. Dogarai, sannan 'yan doka na En'e. Kano da nata, Zazzau da nata, Katsina da Sakkwato kowa da nasa, da kakinsu da shugabanninsu, suna amsa umarnin sarki. Rundunar Najeriya da aka haɗe a 1930 daban take, su daban. Sai bayan juyin mulkin 1966 aka fara narkar da su cikin ta tarayya. Wannan tarihin shekaru ne masu yawa, kuma na gari-gari ne, daidai irin wanda gidan tarihi na gari zai riƙe.

Abba Fagge:
'Yan doka! Kakana ɗan jam'iyyar NEPU ne, masu adawa da mulkin En'e, Malama. Har ya rasu in ya ji kalmar nan sai ya tofar da yawu. Tabon bulala yana bayansa muka yi masa wanka. In dai za a rataye kakinsu a gilashi a ce ga masu tsaron gari, to ni ba ni ba shiga.

Malama Hadiza Zariya:
Allah ya jiƙansa. To ai labarin kakanka shi ne rabin ɗakin, Abba. Kakin ɗan doka a nan, katin NEPU a can, bayanin ɗaurin da aka yi ta yi wa su Hajiya Gambo Sawaba a tsakiya. Wanda ya shiga ya fito da nasa hukuncin. Amma in kai da irinka kuka ce ba ku shiga, to masu kaki ne kaɗai za su rubuta bayanin, mu dawo kan abin da ka fara ƙorafi a kai.

Baba Sufeto mai ritaya:
Allah ya gafarta wa kakanka, ɗana. Ni kuma wanda ya fara koya min aiki tsohon ɗan doka ne da aka mai da shi ɗan sandan tarayya. Bai iya Turanci ba, da ajami yake rubuta abin da zai tuna. Ya san kowane lungu da kowane ɓarawo da uwar ɓarawon. Kuma da bakinsa ya gaya min sun doki mutanen da ba su yi komai ba, don an ce su doka. Yana faɗa yana istigfari. Irin wannan maganar ba ta cikin kowane fayil.

Sani Kalifoniya:
Kada kuma mu ɗauka su can komai lafiya lau. Gidan tarihin 'yan sandan birnin New York a da yana wani tsohon caji ofis ne kusa da ruwa, guguwar Sandy ta 2012 ta cika shi da ambaliya, dole aka kwashe kayan, aka yi ta yawo da su daga wannan wuri zuwa wancan. Birni mai kuɗi irin New York ke nan. Riƙe irin wannan wuri sai da masu naci.

Barista Nura:
In za a yi a wajenmu, shawarata kada a ajiye shi a harabar 'yan sanda. Wa zai kai ƙafarsa caji ofis yawon buɗe ido? A nemi ɗaki a Gidan Makama, ko a damƙa takardu ga Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. 'Yan sanda su kawo kaya, jami'a ta rubuta bayani, makulli kuma ya zama ba a hannun ɗayansu kaɗai ba.

Laminu Damagaram:
Barista, wace hukuma ce za ta miƙa littafin kantarta ga jami'a da hannunta?

Barista Nura:
Ba za ta miƙa na bara ba. Na shekara 50 da suka wuce fa? A sa doka, in takarda ta kai wasu shekaru ta fita daga hannun ofishi.

Malama Hadiza Zariya:
Kafin doka ta zo, masu labarin suna ƙarewa. Baba, ina da ɗalibai biyu da ke neman abin da za su yi bincike a kai. In ka amince su zo su ɗauki muryarka. Abba, kai ma in akwai wanda ya rage cikin abokan kakanka, ka haɗa mu.

Baba Sufeto mai ritaya:
Su zo ranar Asabar bayan la'asar, zan turo miki kwatance ta akwatin sirri. Akwai hotunan faretinmu na kwaleji da wata tsohuwar bel da usur, sai su gani. Sharaɗina ɗaya: wanda yake raye ko 'ya'yansa suke raye, zan faɗi abin da ya yi, amma ba za a rubuta sunansa ba.

Abba Fagge:
Ka gani ko Baba? Tun ba a gina gidan ba an fara goge sunaye. Akwai wani tsoho a unguwarmu da suka sha ɗauri tare da kakana, zan tambaye shi. Shi kam na san sai ya kama sunan kowa.